Sunan Nomau: asalinsa da ma'anarsa

Daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Illela, da wuya ka shiga gari ba ka tarar da gidan da ake kira gidan Nomau ba. To, daga ina sunan ya fito?

Nomau ya samo asali ne daga kalmar noma. Laƙabi ne da ake yi wa yaron da aka haifa da damina, lokacin da mazan gida suke gona suna noman hatsi, wato tsakanin watan Yuni da Satumba a wajenmu. Ranar suna liman zai raɗa masa sunan yanka, kamar Abdu ko Isufu. Amma in ya ci sunan kakansa, uwa ba ta iya faɗinsa saboda kunya, sai a ɓoye shi da Nomau. Yau da gobe laƙabin ya danne sunan yanka.

Yana da 'yan'uwa masu ƙarewa da "au": Sallau, wanda aka haifa ranar salla; Tunau, wanda ya zo bayan uwa ta daɗe ba ta haihu ba; da Shekarau, wanda ake cewa ya shekara a ciki. Wannan na ƙarshe shi ne Malam Ibrahim Shekarau yake ɗauke da shi, gwamnan Kano daga 2003 zuwa 2011.

A al'adar Bahaushe babu sunan dangi guda da ake gada har jikoki. Da takardun gwamnati suka zo ne aka riƙa rubuta sunan yaro, a bi shi da na ubansa. Ta haka laƙabin mutum ɗaya ya zama sunan 'ya'yansa duka. A Italiya ma, inda wasu 'yan'uwanmu suke ci-rani, laƙabi da sana'a ne suka zama sunayen dangi: Ferrari ma'anarsa maƙeri. Sai dai su sunan ba ya sauyawa, daga kaka har tattaɓa-kunne.

A nan ne ya kamata a yi hattara. A Nijar, da rubutun Faransanci, ana rubuta Nomao ko Nomaou. Da an tsallaka iyaka zuwa Illela ta jihar Sakkwato, sai ya koma Nomau. A kunne duk ɗaya ne, amma ma'aikacin ofishin waje harafi yake dubawa. In takardar haihuwa ta ce Nomao, fasfo ya ce Nomaou, ana iya ɗaukar su mutum biyu, a tsayar da biza ko kuɗin da aka aiko.

Saboda haka, iyaye, in za a yi wa yaro takardar haihuwa a ofishin magajin gari, a tafi da takardar uba, a kwafi sunan harafi da harafi, a sa mai karatu ya duba kafin a bar wurin.