Cocin Fatima da shekarun rikicin Jos

Mu da muka taso a Ali Kazaure mun san Cocin Fatima, babbar cocin Katolika ta Jos, tun muna yara. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 rikici ya ɓarke, aka yi kwanaki ana kashe-kashe. Ya dawo a Nuwamba 2008, ya sake dawowa a Janairu 2010. Gari ya rabu: maƙwabtanmu Kirista da yawa suka tashi zuwa wasu unguwanni, Musulmin can suka dawo nan. Cocin kuwa tana inda take. Duk Lahadi mutanenta suna zuwa, suna ratsa layukan da suka zame musu abin tsoro.

Akbishop Ignatius Kaigama ne ya jagoranci Katolikan Jos daga 2000 zuwa 2019. Abin da ya riƙa tuna wa mabiyansa daga Littafi Mai Tsarki yake: Almasihu ya umarce su da ƙaunar maƙiyi, ramuwa kuma ta Allah ce. Faɗa wa matashin da aka ƙone wa gida wannan magana ba ƙaramin abu ba ne. Ya ƙulla abota da Sarkin Wase, Alhaji Haruna Abdullahi, suna fita tare suna kiran zaman lafiya har rasuwar sarkin a 2010.

Da aka tayar da bam a Cocin St Finbarr ta Rayfield a Maris 2012, haƙuri ya sake bai wa mutanensa. Ba kowa ya saurara ba, don an yi ramuwar gayya a ranar. A 2019 aka mayar da shi Abuja.