Birkin Bakin Igwa

Birkin bakin igwa ƙarfe ne mai tagogi a gefe, wanda ake ɗaurawa a ƙarshen bututun igwa domin rage zaburar da take yi da baya idan an harba ta. Duk maharbin da ya saba da bindigar toka ya san yadda take dukan kafaɗa. A igwa kuwa, wannan dukan kan ture ta daga mazauninta, saiti ya ɓaci.

Yadda yake aiki

Idan albarushi ya kama, iska mai zafi ce ke ingiza harsashi. Da zarar harsashin ya fita, sai iskar ta biyo shi a guje, ta bugi bangayen birkin, ta fice ta tagogin gefe. Bugun nan shi ke jan bututun gaba a daidai lokacin da yake ƙoƙarin komawa baya. Amfaninsa shi ne ana iya ɗora babbar igwa a kan ƙafafu marasa nauyi. Illarsa kuma, ƙara da hucin wuta suna komawa kan masu harbin, ƙurar da yake tayarwa tana tona maɓoyarsu.

Tarihi

Wani hafsan Faransa, Treuille de Beaulieu, ya kawo dabarar a 1842, aka gwada ta a farkon shekarun 1860, amma ba ta bazu ba sai a Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Jamus da Tarayyar Sobiyat da Ingila suka rungume ta.

Bindigogin igwa masu faɗin baki milimita 75 da Turawan Ingila suka shigo da su ƙasar Hausa ba su da wannan birki. Da su aka fasa ƙofar ganuwar Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903. Daga nan rundunar ta nufi yamma, ta haɗu a Shagari da wata da ta taso daga Argungu, aka gwabza da mayaƙan Sakkwato a Giginya ranar 15 ga Maris.

A yau sojojin Nijeriya suna da igwa masu birki, irin su D-30 ta Sobiyat da FH-77B ta Suwidin. Makarantar horar da sojojin atilare tana Kachia, a Jihar Kaduna.