Madatsar Ruwan Alau da Kasuwar Litinin: Waiwaye Kan Ambaliyar 1994 da ta 2024

1.0 Gabatarwa

Wannan maƙala za ta dubi tarihin madatsar ruwan Alau, domin nuna cewa lafiyar Kasuwar Litinin, babbar kasuwar Maiduguri, ta rataya ne a kan jingar ƙasa da ke kimanin kilomita 20 daga birnin.

2.0 Ginin Madatsar

An gina madatsar tsakanin 1984 da 1986 a kan kogin Ngadda, cikin ƙaramar hukumar Konduga, domin samar da ruwan sha da na noman rani. An gina ta ne domin ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 112, kuma Hukumar Raya Yankin Tafkin Cadi ce ke kula da ita. Kogin kuwa, da ya baro Alau, ta tsakiyar Maiduguri yake ratsawa.

Madatsar ƙasa ba ta jure abubuwa biyu. Na farko, ruwa ya haura bisa jinga ya zaizaye ta. Na biyu, ya riƙa tsattsafowa ta cikinta har ya yi rami. Haka kuma, laka da yashi kan cike tafki a hankali, su rage masa ciki, ta yadda damina mai ƙarfi kan iske shi ba wurin karɓar ƙari.

3.0 Ambaliya Biyu

A watan Satumba na 1994 ruwan Alau ya malale birnin. Bayan shekara 30, ranar 10 ga Satumba, 2024, wani sashen madatsar ya ɓalle cikin dare. Ruwa ya shiga Gwange, da fadar Shehun Borno, da asibitin koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Fursunoni 281 suka tsere, mutum fiye da 400,000 suka bar muhallansu. Kasuwar Litinin, wadda gobara ta cinye a Fabrairun 2023, ta sake yin asarar hatsi da yadudduka, alhali 'yan kasuwa ba su gama farfaɗowa ba.

4.0 Kammalawa

A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da Naira biliyan 80 domin sake gina madatsar. Sai dai tarihi ya nuna gini kaɗai bai wadatar ba. Wajibi ne a riƙa duba jinga kowace shekara, a yashe tafki, a rage ruwa kafin Agusta, sannan a tanadi hanyar gargaɗin mutanen gari tun ruwa bai iso bakin kasuwa ba.