Rumbun Tsimi da Magadansa

Manomin gero a ƙasar Hausa ya daɗe da sanin cewa yunwa ta fi cizo a tsakiyar damina, lokacin da gona ta yi kore shar, noma ya tsananta, tsohon hatsi ya ƙare, sabo kuma bai nuna ba. Maganin da kakanni suka yi wa wannan tsakani shi ne rumbun tsimi. Ana gina shi da laka a kan duwatsu don gudun gara da danshi, a jera dammunan gero a ciki da zangarniyarsu ba a sussuke ba, a liƙe bakin da taɓo, a kifa masa jinka. Geron da aka ajiye haka yana iya shekaru bai lalace ba. Rumbun ci daban yake, shi ake ɗiba kullum; na tsimi kuwa ba a fasa shi sai da shawarar maigida da manyan gandu. Abin da tarihin shekaru ɗari da suka wuce ya nuna shi ne, kowane sabon tsarin tanadin hatsi da aka kawo wa ƙauye ya tsaya ko ya faɗi ne a kan tambaya guda: masu zuba hatsin suna da iko da shi, ko kuwa wani ne daga nesa?

Rumbun gida ba shi kaɗai ba ne. Akwai zakkar hatsi, dami ɗaya cikin goma na abin da ruwan sama ya shayar, wadda a zamanin Daular Usmaniyya ake tarawa a hannun dagatai da hakimai, kuma a shekarar wahala talaka yana sa ran a buɗe. Akwai gayya, wadda ke hana gonar mara lafiya ko gwauruwa ta mutu a ciyawa. Mai musu zai ce ana yi wa da ado ne kawai, domin an sha yunwa tun kafin Bature ya zo, kuma wani basaraken cinye zakkar yake yi. Gaskiya ne, ba mai ja. Amma a dubi abin da ya faru da aka sauya tsarin. Turawan Ingila sun narkar da zakka cikin harajin da ake biya da kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta fara cin gonakin hatsi. Da ruwa ya ƙi a 1913, sai yunwar 1914 da ake kira Kakalaba ta sami mutanen da suka riga suka sayar da tsiminsu don biyan haraji. Michael Watts, wanda ya yi bincike a ƙasar Katsina, ya kafa hujja a kan haka a littafinsa na 1983: fari daga sama yake zuwa, amma yawan ɓarnarsa ya danganta da abin da aka bari a rumbu.

A ɓangaren Faransa an gane darasin, sai dai an ɗauke shi a karkace. Bayan yunwar 1931 da fara ta jawo a yammacin Nijar, inda aka ci gaba da karɓar haraji mutane na mutuwa, hukuma ta tilasta wa kowane ƙauye ya kafa rumbunan ajiya. Kowane magidanci ya kawo rabonsa, a rubuta, a rufe, kuma ba a buɗewa sai kwamandan Faransa na yankin ya ba da izini. A ido rumbun tsimi ne sak. A zuciyar manomi kuwa wani haraji ne, domin yana iya kallon geronsa a tsakar gari yaransa na kuka, bai isa ya taɓa ba. Shi ya sa mutane suka riƙa ɓoye amfanin gona, kuma waɗannan rumbuna suka shiga jerin koke-koken da 'yan siyasar neman 'yanci suka yi yaƙi da su tare da aikin tilas. Da sanda ta sassauta, tsarin ya watse.

Farin shekarun 1970 ya sake tayar da maganar. Gwamnatin Nijar ta kafa hukumar OPVN a 1970 don saye da ajiye cimaka, amma zargin karkatar da kayan agaji na cikin dalilan da sojoji suka bayar da Seyni Kountche ya hamɓarar da Diori Hamani a watan Afrilun 1974. Daga nan, musamman bayan yunwar 1984 da mutanen Nijar suka laƙaba wa sunan Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, ƙungiyoyin agaji suka bazama kafa bankunan cimaka. Tsarin mai sauƙi ne: a gina ɗaki, a zuba buhuna a kaka lokacin da tiya ke arha, a sayar wa 'yan gari da rangwame ko a ba su bashi idan damina ta yi nisa, a sake cikawa. Da yawansu ba su yi ƙarko ba. Hatsin farko kyauta ya zo daga waje, don haka mutane suka ɗauke shi kayan Nasara ne, wanda ya ci bashi bai ga dole ya biya ba, ɗan kwamiti kuma ba ya iya tsare surukinsa ko ɗan mai gari. Masu ra'ayin kasuwa sun ce wannan ya isa hujja a bar wa 'yan kasuwa aikin. Suna da rabin gaskiya, domin kwamitin sa-kai bai kai ɗan kasuwa iya lissafi ba. Sai dai ɗan kasuwa inda kuɗi suke yake kai hatsi. A yunwar 2005 kasuwannin Maraɗi ba su rasa gero ba, farashinsa ne ya fi ƙarfin talaka, ƙauyen da ke nesa da titi kuma motar ɗan kasuwa ba ta shigarsa in ruwa ya yanke hanya.

Shekarar 2005 ta fito da wani abu da ko rumbun kakanni bai warware ba. Jihar Maraɗi na cikin masu noma mafi yawa a Nijar, amma nan ne Likitoci Marasa Iyaka suka karɓi dubban yara masu tamowa. Cikar rumbu ba ta nufin cikar cikin yaro. A gidaje da yawa maigida kan rufe rumbun gandu ya tafi cin rani, don a sami abin ci lokacin noma, ya bar mace ta ciyar da yara daga 'yar gamanarta, wato gonarta ta kanta, da sana'ar hannunta. Kuma kunun gero zalla ba ya gina ɗan yaye. Yana bukatar wake, gyaɗa, nono, zogale. A nan ne ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, suka yi abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Sun ginu ne a kan adashi, abin da mata suka riga suka sani. Ana zama mako-mako, kowace ta zuba ɗan abin da ta samu a gaban idon kowa, a ƙirga da ƙarfi, a kulle akwatin, a rarraba mabuɗan a hannaye dabam-dabam. Ba a ba su jari ba. Guminsu ne, shi ya sa mai bashi ke jin kunyar ƙin biya. Wasu daga cikinsu suka sayi gero a kaka suka buɗe bankin cimaka nasu, tsarin kuma ya bazu zuwa ƙasashe da dama a Afirka da wajenta.

Ba a cewa asusun mata zai tare farin da ya haɗa ƙasa baki ɗaya. Wannan aikin gwamnati ne da manyan rumbunanta, kuma bai kamata ta fake da ƙoƙarin talaka ta zame ba. Amma yunwar watanni uku da ke dawowa kowace damina, ƙauye na iya maganinta. Duk hukuma ko ƙungiyar da ke shirin gina sabon ɗakin hatsi a karkara, ta fara neman mutanen garin su zuba tiyarsu kafin ta sauke buhu ko ɗaya, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a kowace kaka, kuma a sa mata masu yaye cikin masu yanke ranar buɗewa.