Gilashin Da Ya Kwaikwayi Halittun Da Ido Ba Ya Gani

Yau mun ɗan ajiye labarin soyayya gefe, domin akwai wani hoto da na ci karo da shi a intanet wanda ya hana ni sukuni. Wani ƙwallo ne na gilashi, an saƙa shi kamar raga, ga tsinkaye sirara sun fito ta kowane gefe. Da farko na ɗauka irin kayan adon nan ne da ake jerawa a ɗakin amarya. Ashe siffar wata halittar teku ce wadda girmanta bai wuce ƙwayar rairayi ba, kuma an ƙera ta fiye da shekara ɗari da ta wuce a ƙasar Jamus.

Masu wannan aiki uba ne da ɗansa, Leopold Blaschka, wanda aka haifa a 1822, da Rudolf, wanda aka haifa a 1857. Asalinsu mutanen Bohemiya ne, a ƙasar Cek ta yanzu, kuma sarrafa gilashi gadon gidansu ne, kamar dai yadda muka san Masagan Bida da ƙera murjani da awarwaro. Kafin ya shahara, Leopold kayan ado yake yi, da idanun gilashi na waɗanda suka rasa ido.

A 1850 kwalara ta kashe masa mata, ba a jima ba mahaifinsa ya bi ta. A 1853 ya shiga jirgin ruwa zuwa Amurka ko ya sami sauƙin zuciya, sai iska ta ɗauke a kusa da tsibiran Azores, jirgi ya tsaya cak kwana da kwanaki. Mutumin da ke cikin baƙin ciki, ba abin yi, sai ya koma kallon ruwa yana zana halittun nan masu kama da lema waɗanda ake hango hasken rana ta cikin jikinsu. Ni a matsayina na mai rubuta labari, da ni na ƙirƙiri wannan fage sai a ce na cika ƙari.

To me ya sa ake buƙatar irin wannan aiki? Zaki ko tsuntsu in ya mutu ana iya cusa wa fatarsa auduga a ajiye a gidan tarihi. Amma halittar ruwa mai taushin jiki, da zarar an jefa ta a kwalbar barasa sai launinta ya gudu, ta yamutse ta zama kamar tsumma. Shi ya sa a 1863 shugaban gidan tarihin halittu na Dresden, Ludwig Reichenbach, ya sa Leopold ya ƙera masa wasu daga cikinsu da gilashi. Daga nan kasuwa ta buɗe. Rudolf ya shiga aikin a 1876, kuma zuwa 1888 kundin tallan kayansu ya ƙunshi samfuri 700, jami'o'i na aiko da oda ana tura musu a akwati.

Waɗanda suka fi ɗaure mini kai su ne ƙananan nan da ake kira radiyolariya. Kowace ɗaya ƙwayar halitta ce guda tak da ke yawo a teku, ba a ganin fasalinta sai da madubin ƙara girma. Wani masani Bajamushe, Ernst Haeckel, ya wallafa littafi a kansu a 1862, daga baya kuma ya yi nazarin waɗanda jirgin binciken Ingila mai suna Challenger ya kwaso tsakanin 1872 da 1876, inda rahotonsa na 1887 ya bayyana iri fiye da 4,000. Daga zane-zane irin na Haeckel su Blaschka suka ɗauko fasalin, suka ninka girmansa sau ɗaruruwa. Wato zane ne a shimfiɗe a takarda, su kuma sai sun hasko bayansa da cikinsa a zuci kafin su narka gilashi a bakin fitila, su ja shi kamar gashi, su haɗa da siririyar waya da gam da fenti.

Abin da ya fi ba ni mamaki, mai karatu, shi ne yawancin waɗannan halittu ƙashin jikinsu na silika ne, sinadarin da ke cikin yashi, wanda da shi ake yin gilashi. Ke nan gilashi aka yi amfani da shi aka kwaikwayi gilashi.

Sai dai a zamaninsu ba wanda ya ɗauke su masu fasaha. Kayan koyarwa ne na sayarwa, kamar allo da taswira, kuma mu da ake kira marubutan adabin kasuwa mun san ɗanɗanon wannan kallo. Da hoto da fim na ƙarƙashin ruwa suka samu, sai aka tura da yawansu ɗakin ajiya, ƙura ta rufe su, tsinkayen suka kakkarye. Na Dresden kuwa sun tafi a ruwan bama-baman 1945. Na Jami'ar Cornell, wadda ta sayi fiye da 500 a 1885, sai da aka tono su daga kabad bayan shekaru masu yawa aka kai gidan tarihin gilashi na Corning domin gyara. Yau ana nuna irinsu a Landan da Dublin da Cardiff, masu gyara na ɗaukar makonni a kan guda ɗaya.

Su kansu sun bar halittun teku a 1890, lokacin da suka sa hannu a yarjejeniyar yi wa Jami'ar Harvard furannin gilashi kaɗai. Leopold ya rasu a 1895. Rudolf ya ci gaba shi kaɗai har 1936, ya rasu a 1939, bai bar ɗa ba, kuma su biyun ba su taɓa ɗaukar almajiri ba.