Duba-gari a Ƙofar Zaure: Gidajen Baƙi da Dokar Gwamnati a Salaga, Yendi da Bawku

Duk wanda ya yi wayo a wani zango na ƙasar Gana shekaru hamsin da suka wuce zai tuna da irin ranar da ake cewa tankas ya shigo unguwa. Yara su sheƙa gida da labari, mata su bar abin da suke yi su nufi randa, a zubar da ruwan da ya kwana biyu, a kife tsofaffin gwangwanaye, a share bakin magudana. A ƙasar Hausa sunan wannan ma'aikaci duba-gari. A Gana kuwa ana ce da shi tankas, daga sunan majalisar gari da Turanci, ko kuwa samansaman, saboda takardar sammacin da yake rubutawa. Domin mu gane abin da ya kawo shi ƙofar zaure, sai mu fara duba irin gidan da ya zo dubawa.

Tun kafin zuwan Turawa, Salaga ita ce babbar kasuwar goro ta ƙasar Gwanja. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ya yi watanni a hanya, waɗansu su biyo ta Yendi, babban birnin Dagwamba, su sauka Salaga da jakuna da tufafi da kanwa. A kasuwar nan an sayar da mutane kuma, ba kaɗan ba. Wannan tabo ne da tarihin garin ba zai iya ɓoyewa ba. Baƙon da ya iso ba ya neman ɗakin haya. Wajen maigida yake zuwa, wato fatoma, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa in magana ta tashi. Maigida kuwa la'ada yake samu daga cinikin. In baƙo ya yi ciwo, gidan ne zai yi jiyyarsa. In ya mutu, gidan ne zai binne shi. Tun ba a san wani abu wai shi gidajen gwamnati ba, ga inda marar gida yake kwana.

Amma kada mu yi wa tsohon zamani kwalliyar da ba tasa ba. Salaga gari ne mai ƙarancin ruwa, shi ya sa aka cika shi da rijiyoyi har ya yi suna da su. Bafaranshen nan Binger, wanda ya sauka garin a shekara ta 1888, ya ba da labarin ƙazantar titunansa da rashin kyawun ruwansa. Kafin shi ma, a 1877, fastoci biyu 'yan ƙasa na Mishan ta Basel, David Asante da Theophilus Opoku, sun kai Salaga sun rubuta abin da suka gani. A lokacin garin ya riga ya soma komawa baya, gama bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874 mutanen Gwanja sun yi wa Tonawa tawaye, goro ya daina zuwa kamar dā. Yaƙin basasar 1892 ya ƙarasa abin da ya rage. Mutane suka watse, da yawa suka koma Kete-Krachi, cikinsu har da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano. Yendi ta sha nata a Disamba 1896, sa'ad da Jamusawa suka ci Dagwamba a Adibo suka sa wa garin wuta. A 1899 Turawa suka raba ƙasar a kan takarda: Salaga ga Ingilishi, Yendi ga Jamus, har zuwa 1914 da Ingilishi suka karɓe ta.

Ashe garuruwan da dokar Turawa ta tarar, masu sāke gini ne a kan kufai.

Dokokin kansu ba a arewa aka haife su ba. A bakin teku aka yi Dokar Garuruwa ta 1892, wadda ta ba hukuma iko a kan gini da titi da shara. A 1897 likita Ronald Ross ya tabbatar a Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar zazzaɓin cizon sauro, daga nan kowane tulu ya zama abin tuhuma. Annobar ɓeraye ta faɗa wa Akra a 1908, shawara ta kashe mutane a Sekondi a 1910, sai ga dokar hallaka sauro a 1911. Sannu a hankali irin waɗannan ƙa'idodi suka hau arewa, inda aka mai da hedkwata daga Gambaga zuwa Tamale a 1907. Arewa tana da nata ciwon da ya fi waɗannan: sanƙarau ya yi ɓarna mai yawa daga 1906 zuwa 1908, marisuwa ta biyo a 1918. Daga shekarun 1930, da aka kafa mulkin En'e, sarakuna ne suka ɗauki yawancin aikin tsabta a ƙananan garuruwa.

Aikin duba-gari ba shi da wuyar faɗi. Yakan zo da kakinsa da littafinsa da doguwar ludayi. Ya tsoma ludayin cikin randa, ya ɗaga ya duba a haske. In ya ga 'ya'yan sauro suna wutsil-wutsil, sai sammaci, sai kotu, sai tara. Yakan leƙa bayan gida, da makwararar wanka, da turken dabbobi, da kududdufin da aka haƙa aka yi tubali.

A nan ne doka ta yi karo da zaman mutane, kuma a ganina mutane suna da gaskiya fiye da yadda rahotannin Turawa suka yarda. Ka ɗauki macen Salaga da rani. Ta tashi tun asuba, ta yi layi a bakin rijiyar da take tsattsafowa kaɗan kaɗan, ta kawo ruwa gida bayan sa'o'i. Doka ta ce kada ruwa ya daɗe a tulu. To, ta zubar ta sha me? Wanda ya rubuta dokar yana da tankin ruwan sama a bayan gidansa. Ga kuma maganar zaure. A gidan Bahaushe, baƙon namiji iyakarsa zaure, musamman inda mata suke kulle. Yanzu ga saurayi, sau da yawa ba ya jin Hausa, yana so ya wuce har madafa ya buɗe tukunya. Tarar kuwa yawanci a kan mata take faɗuwa, da yake su ne masu randa.

Mutane suka nemi dabara, kamar yadda suka saba. Sarkin zango da masu unguwa suka zama tsani tsakanin jama'a da Disi. Aka koyi rufe baki tulu da faifai, da wanke randa ranar da ake tsammanin dubawa. Wani ma'aikacin kuma, in aka gaishe shi da goro da abin da ke ƙarƙashin goron, idonsa yakan rage gani. Duk da haka kada a ce aikin banza ne. Tsofaffi da yawa da suka tsani tankas da ƙuruciya, su ne yau suke cewa unguwa ta fi tsabta a zamaninsa. Abin da ludayi bai iya ba, ruwa mai kyau ya yi: kurkunu, wanda ya nakasa manoma a ƙasar Gwanja da Dagwamba shekara da shekaru, bai gushe ba sai da aka haƙa rijiyoyin burtsatse aka raba matatan ruwa. An ga na ƙarshe a Gana a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2015.

Gidajen da gwamnati ta gina wa talaka da hannunta ma daga annoba suka samo asali, kuma a zango. A 1924 annobar ɓeraye ta ɓarke a Kumasi, ta fi tsanani a unguwar baƙi. Aka rushe tsohon zango, aka gina sabo da layuka a jere, ɗakunan suminti da kwano. Cikin waɗanda aka tayar akwai 'yan arewa masu yawa, 'yan goro da 'yan shanu masu kai da kawowa tsakanin Kumasi da Salaga da Bawku. Girgizar ƙasa ta 1939 ta sa aka yi wa Akra rukunin gidaje, a 1956 aka kafa hukumar gidaje ta ƙasa. Amma kaɗan ne daga wannan ya ƙetare kogin Volta. Abin da garuruwanmu uku suka fi sani shi ne barikin 'yan sanda da kwatas ɗin ma'aikata, sai ƙananan gidaje masu araha na zamanin Acheampong a shekarun 1970, waɗanda malaman makaranta da akawu suka fi shiga. Akwai kuma bashin rufi na shekarun 1950, wanda aka yi bisa shawarar masanan Majalisar Ɗinkin Duniya: mutum ya tā da bangonsa da kansa, gwamnati ta ranta masa kuɗin kwano ta hannun ƙungiyar garinsu. Kwano ya kawar da tsoron gobarar jinka, amma wanda ya taɓa kwana ƙarƙashinsa a Bawku a watan Maris ya san abin da aka rasa da aka bar soro.

Bawku ta bambanta da 'yan'uwanta biyu, domin ita girma ta yi ta yi sa'ad da Salaga take raguwa. Tana bakin iyakar Burkina Faso da Togo, kasuwarta tana ci kowane kwana uku, ana hada-hadar shanu da goro da albasa. Kusasi da Mamprusi da Bisa da Mosi da Hausawa duk suna ciki. Asibitin da Ikkilisiyar Presbyterian ta karɓa a 1956 ya jawo majiyyata daga ƙasashe uku, 'yan jiyya kuma a gidajen gari suke neman masauki. A irin wannan gari ɗakin baƙo ya rikiɗe ya zama ɗakin haya.

Sai ga dokar da ta fi kowace girgiza zango, ko da yake ba ta gini ba ce. A 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Mutanen da aka haifi iyayensu a zango suka sayar da gidaje a wulaƙance, waɗansu suka bar makulli a hannun maƙwabci. Daga ranar nan masu gidaje suka fahimci cewa shaidar sarki da ta dattawa ba ta isa ba, sai da takarda.

Dokar haya ta 1963 ta hana mai gida karɓar kuɗin gaba fiye da na wata shida. Mai karatu da ya taɓa neman ɗaki a Gana ya san yadda ake yi: shekara ɗaya ko biyu, ko kuwa ka nemi wani wuri. Ka'idodin gini na 1996 sun bukaci izini da taswira kafin a kafa tubali, amma yawancin ɗakunan zango ƙari ne da ake yi in ɗa zai yi aure. Ambaliyar 2007 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a arewa, ciki har da yankin Bawku, mutane kuma suka sāke gini yadda ƙarfinsu ya kai. A 2017 majalisa ta kafa Asusun Raya Zango, an yi magudanu da azuzuwa da filayen ƙwallo a wurare dabam dabam. Ma'aikatar da aka buɗe domin zanguna a shekarar nan kuwa an rufe ta a 2021.

Jikokin tankas suna nan a ƙarƙashin majalisun gundumomi, ana kiransu jami'an tsabtar muhalli. Yanzu abin da suka fi tambaya shi ne bayan gida, gama gidajen haya da yawa ba su da shi, wani mai gidan ma ya mai da wurin ɗakin haya. In an kai sammaci, mai gidan yana Kumasi ko Akra, sai a miƙa takardar ga matar da aka tarar tana shara a tsakar gida.