Shari'ar Sweatt da Ɗaukar Ɗalibai a Sashen Lauya na Jami'ar Teksas

A shekarar 1946 Heman Sweatt, ma'aikacin gidan waya a birnin Hustan, ya nemi shiga sashen koyon aikin lauya na Jami'ar Teksas ta Amurka. Takardunsa sun cika sharuɗɗa, amma aka hana shi don shi baƙar fata ne. Da ya kai ƙara, sai hukumar jihar ta yi maza ta buɗe wa baƙaƙe makaranta tasu dabam, wai an yi adalci ke nan.

Abin da muke so mu duba shi ne ma'aunin da Kotun Ƙoli ta ɗauka ran 5 ga Yuni, 1950. Ta fara da ƙidaya: sashen jami'ar yana da ɗalibai 850 da littattafai fiye da 65,000, sabuwar makarantar kuwa ɗalibai 23 da littattafai wajen 16,500. Sa'an nan ta koma ga abin da ba ya ƙirguwa, wato sunan da malamai suka yi, da ƙarfin faɗa a ji na tsofaffin ɗalibai, da cuɗanya da waɗanda mutum zai tarar gobe a kotu sun zama lauyoyi da alƙalai. A ganinmu, a nan ne aka fara karya lagon wariya a makarantun gwamnati.

Sweatt ya shiga a wannan shekara, amma rashin lafiya ya dame shi, ya bari bai kammala ba.